Tsufa da zakarun darar ces: mai kai hari ne ke fara gajiyawa ko mai wasan natsuwa?

Dokin_Baƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, yau nake so mu baje ta a faifai. A ganina tsufa ba ya cin zakarun ces iri ɗaya. Mai kai hari, wanda ƙarfinsa ke cikin lissafi mai zurfi da sadaukar da 'ya'ya don ya kama sarki, shi shekaru ke fara kayarwa. Mai wasan natsuwa kuwa, wanda ke gyara zaman 'ya'yansa sannu a hankali har ya ja abokin karawa zuwa ƙarshen wasa ya matse shi, yana iya haura sittin yana ba matasa wuya.

Ku dubi Smyslov. An haife shi a 1921, ya zama zakaran duniya a 1957, amma a 1984 yana da shekara 63 ya kai wasan ƙarshe na gasar fid da gwani, wato wadda ake fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, inda ya haɗu da Kasparov wanda lokacin yake cika 21. Sai ku dubi Tal: ya ɗauki kambu a 1960 yana ɗan 23, shekara guda kawai ya riƙe, bai sake komawa wasan neman kambu ba har ya bar duniya. Me kuka gani?

Ummu_Allo:
Wa alaikumus salam. Ina tare da kai, Malam. Ka ƙara da Lasker. A 1935 a Mosko ya zo na uku yana da shekara 66, ba a ci shi ko sau ɗaya ba, rabin maki ne tsakaninsa da Botvinnik da Flohr da suka zo na ɗaya, kuma Capablanca na bayansa. Ka ƙara da Karpov a Linares 1994, maki 11 cikin 13 yana da shekara 42, ya ba Kasparov da Shirov tazarar maki biyu da rabi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Rigawa_1960:
A'a, kada a zalunci Tal. Malam Dokin_Baƙi, ka tsaya a 1961 kamar daga nan labarinsa ya ƙare, alhali mafi kyawun sakamakonsa a kan takarda daga baya ya zo. Tsakanin Oktoban 1973 da Oktoban 1974 ya buga wasa 95 a jere ba a ci shi ba, kafin nan ma ya yi 86 a jere. A 1979 shi da Karpov suka raba matsayi na ɗaya a Montreal, a shekarar ya lashe gasar share fage ta Riga, makinsa na Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasa, ya kai 2705 a farkon 1980 yana da shekara 43. A 1988 ya zama zakaran duniya na wasan walƙiya, wanda ake bugawa cikin 'yan mintuna kaɗan, a Kanada yana da 51, Kasparov da Karpov duk suna cikin gasar.

Kuma wannan mutum ne da ciwon ƙoda ya addaba tun yana saurayi, har aka cire masa ɗaya a 1969, ga sigari ga barasa bai daina ba. Abin da ya rage masa kwana a kan allo jikinsa ne. A 1992, kimanin wata guda kafin rasuwarsa, ya fito daga asibiti ya ci Kasparov a wasan walƙiya a Mosko.

Dokin_Baƙi:
@Rigawa_1960 duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka buɗe wasannin nan na 1973 da 1974 ka duba. Wanda ke jefa doki a wuta kowace rana ba ya buga wasa 95 ba a ci shi ba. Tal na wancan lokaci ya rage kasada, ya yawaita kunnen doki, ya koyi jira. Wato sai da ya karkata zuwa salon natsuwa sannan ya daɗe. Wannan ai maganata ce yake ƙarfafawa.

Rigawa_1960:
Ya rage kasada, na yarda. Amma idon da yake ganin hari da shi bai mutu ba, shi ya sa abokan karawarsa ke tsoron buɗe masa allo, su nemi canjaras da wuri. Tsoron da ya shuka yana saurayi ya ci gaba da yi masa aiki.

Malam_Lissafi:
Ina da mutum ɗaya da zai dagula wannan rabo naku: Korchnoi. Bai taɓa zama zakaran duniya ba, na sani, amma ba a maganar tsufa a ces a tsallake shi. Shi ba mai wasan “hannu ya san inda ɗa zai zauna” ba ne irin Smyslov. Mai lissafi ne, mai son rikici, yakan karɓi sojan da aka ba shi kyauta ya zauna yana kare kansa da lissafi har agogo ya kusa cinye shi. Bisa ƙa'idar Malam Dokin_Baƙi ya kamata ya dushe tun yana arba'in. Me ya faru? Ya kara da Karpov neman kambu a Baguio ta Filifin a 1978 yana da 47, Karpov na gaba da 5 da 2 ya farke ya mai da shi 5 da 5 kafin ya sha kashi a wasa na 32. Ya sake zuwa a 1981 yana da 50. Ya lashe gasar Biel a 2001 yana da 70. Yana da 75 yana cikin ɗari na farko a duniya. A 2011 a Jibraltar ya ci Caruana, shi yana da 79, Caruana na da 18.

Salon da ya fi kowane cin ƙarfin ƙwaƙwalwa ke nan, kuma mai shi ya fi kusan kowa daɗewa.

SojanGaba:
To ashe ba salo ba ne, yunwa ce. Korchnoi bai samu kambun ba, shi ya sa wutar ba ta mutu ba.

Hajiya_Sarauniya:
@SojanGaba ka taɓo inda nake so a je. Ku kwatanta shi da Spassky. Spassky ya iya komai, hari da tsaro da ƙarshen wasa, jikinsa kuma lafiyayye, ɗan wasan tanis ne. In da salo da lafiya ne kaɗai, da shi ya kamata ya fi kowa daɗewa. Amma bayan Fischer ya karɓe kambu daga hannunsa a 1972 sannu a hankali sha'awar ta ja baya, a shekarun 1980 aka san shi da gajerun kunnen doki. Ya riga ya hau ƙololuwa, ya ga abin da ke can. Ni a ganina wanda ya taɓa zama zakara tsufansa daban ne da na wanda ya tsaya a bakin ƙofa, don haka haɗa Korchnoi da zakaru a ma'auni ɗaya yana da gyara.

Malam_Lissafi:
Hajiya, Smyslov ma ya hau ƙololuwar, kuma bayan shekara 26 da sauka ya dawo yana neman ta. Botvinnik sau biyu ana ƙwace masa yana ƙwatowa, na biyun a 1961 yana dab da cika 50. Ba kowane zakara ne ke ƙoshi ba.

Binciken_Allo:
Ƙaramin bayani kan Smyslov don a cika labarin. A zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 1983 shi da Hübner sun tashi 7 da 7, sai aka je gidan caca na Velden a Ostiriya aka juya faifan caca don a fitar da wanda zai wuce, ya faɗa wa Smyslov. Daga nan ya ci Ribli a Landan da ƙarfinsa. Da Kasparov kuwa a Vilnius an tashi 8½ da 4½, Smyslov bai ci wasa ko ɗaya ba. Ba rage masa daraja nake ba, zuwa wurin ma abin mamaki ne, amma tazarar da ke tsakaninsa da saurayin ta fito fili.

Tsohon_Doki:
Bari mu da abin ya riga ya sama mu ce wani abu. Na haura sittin, ina buga gasa tun ina matashi. Fahimta ba ta raguwa, ƙaruwa ma take yi. Ina kallon allo in san inda nauyin wasa yake fiye da yadda nake sani a da. Abin da ke tafiya shi ne riƙe hoto a ka. In na lissafa motsi biyar gaba, sai wani ɗa da na riga na kawar a lissafin ya dawo ya zauna a wurinsa na da, in ci gaba da lissafi a kan allon da babu shi. Na biyu kuma awa ta huɗu. Awa uku na farko ina wasa daidai da ƙarfina, a ta huɗu sai kuskure guda ya rushe duk abin da na gina.

Abin da nake so ku lura da shi, wannan matsala ta awa ta huɗu mai wasan natsuwa ta fi kamawa. Mai kai hari wasansa kan ƙare a motsi na 30, ko ya ci ko a ci shi. Mai matsi a hankali sai ya kai motsi na 60 ko 70 kafin ribarsa ta nuna. Wa ya fi buƙatar juriyar zama a cikinsu?

Ummu_Allo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan batu na tsawon wasa yana da nauyi. Ya tuna mini da Anand da Carlsen a Chennai a 2013. Anand na da 43, Carlsen 22. Wasa na biyar da na shida da Anand ya rasa duk a dogon ƙarshen wasa ne, matsayin da za a iya riƙewa, amma Carlsen ya yi ta ja har kuskure ya zo. A nan saurayi ne ya ɗauki makamin da muke cewa na tsofaffi ne ya doki babba da shi.

Dokin_Baƙi:
Baba Tsohon_Doki, na ji, kuma ban raina ba. Tambayata ita ce, in haka ne ta yaya Smyslov da Lasker suka yi, tunda su ma dogon wasa suke bugawa?

Tsohon_Doki:
Ɗana, a zamaninsu ana ɗage wasa. A lokacin Smyslov awa biyu da rabi ake ba kowa don motsi 40. In an yi awa biyar ba a gama ba, mai motsi ya rubuta motsinsa a ɓoye a sa a ambulan, alƙali ya riƙe, kowa ya tafi ya huta. Da dare kai da mataimakanka ku baje matsayin ku tantance shi, ka dawo da hutaccen kai da shiri a hannu. Dattijo mai ilimin ƙarshen wasa ba abin da ya fi wannan yi masa daɗi. Botvinnik gwanin wannan nazari ne. Da kwamfuta ta yi ƙarfi a shekarun 1990 aka daina ɗage wasa, yanzu sai ka zauna har a gama, ƙarshen wasan ma da 'yan daƙiƙoƙin da ake ƙara maka a kowane motsi za ka buga shi. Dokar da ta taimaki tsohon mai natsuwa an cire ta.

Gimbiya_e4:
Wannan shi ne ainihin magana a wurina. Muna kwatanta mutanen zamani daban-daban kamar wasa ɗaya suka buga. Steinitz ya riƙe kambu har yana da 58. Yau Gukesh ya ɗauka a Singafo a Disambar 2024 yana da 18. A da sai ka shekara ashirin kana tara ilimin buɗin wasa da ƙarshensa, wannan tarin shi ne jarin dattijo. Yanzu yaro ɗan sha huɗu da kwamfuta yana da shi. Karin maganar da Ummu_Allo ta kawo ɗazu, ai yaron ya samu abin hawa da ya fi rimi tsawo.

SojanGaba:
Amma kuwa Gelfand ya lashe gasar fid da gwani a 2011 yana da 42, a tsakiyar zamanin kwamfuta, ya yi 6 da 6 da Anand a 2012, sai a wasan sauri aka raba. Ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba.

Malam_Lissafi:
Tunda an koma kan shekaru, akwai binciken da aka buga a mujallar kimiyya ta PNAS a 2020. Sun ɗauki wasanni kusan 24,000 na zakarun duniya da abokan karawarsu daga 1890 zuwa 2014, suka auna kowane motsi da abin da kwamfuta ta zaɓa. Abin da ya fito shi ne ingancin wasa yana hawa da sauri har farkon shekaru ashirin, ya kai ƙololuwa wajen 35, ya ɗan tsaya, sannan ya fara sauka bayan 45. Wannan matsakaici ne na kowa da kowa. Abin da muke gardama a kai shi ne masu kauce wa matsakaicin, kuma zakarun duniya gaba ɗaya ba su kai ashirin ba tun 1886. Da mutane kaɗan haka kowa zai iya zaɓo uku da suka dace da ra'ayinsa.

Rigawa_1960:
To ga nawa zaɓin: Capablanca. Babu wanda ya kai shi wasa mai sauƙi da tsabta, daga 1916 zuwa 1924 ba a ci shi ba a gasa. In ƙa'idar Malam Dokin_Baƙi daidai ce, shi ya kamata ya zama Smyslov na farko. Amma a gasar AVRO ta 1938 a Holan, inda ya cika 50, na bakwai ya zo cikin takwas. Ya rasu a 1942 yana da 53. Petrosian ma, sarkin tsaro, 55 ya rasu, daidai shekarun Tal.

Hajiya_Sarauniya:
Capablanca hawan jini ne ya yi masa illa, shi ne ma ajalinsa. Kuma AVRO kusan kowane zagaye a wani gari daban aka buga, ana ta yawo da 'yan wasa a jirgin ƙasa, manyan cikinsu, shi da Alekhine, suka fi jin jiki. Shekara biyu kafin nan ya lashe Mosko 1936, ya kuma raba na ɗaya da Botvinnik a Nottingham. Ka ga kai ma ka dawo kan abin da ka ce game da Tal: jiki ne ya yanke hukunci. In ka yi wa Tal uzuri da ƙoda, ka yi wa Capablanca da hawan jini.

Rigawa_1960:
Na yi masa, Hajiya. Abin da nake nufi ke nan, kowa da ciwon da ya tare shi, salon bai ceci kowa ba.

Ɗan_Hasumiya:
Ni tambaya gare ni, sabo ne ni a wasan. Ina Kasparov a wannan lissafi? Shi ne babban mai kai hari bayan Tal, ko ba haka ba?

Binciken_Allo:
@Ɗan_Hasumiya barka da zuwa. Kasparov bai bari mun ga tsufansa a kan allo ba. Ya yi ritaya a Maris 2005 bayan gasar Linares yana da 41, kuma har lokacin shi ne na ɗaya a duniya. Makinsa mafi girma, 2851, a 1999 ya same shi yana da 36. Harinsa ya bambanta da na Tal, a kan shiri mai zurfi na gida yake ginuwa, ga kuzari mai yawa da yake zubawa a kowane wasa. Mutane kan kawo abin da ya faru a Zagreb a 2021, inda ya samu maki 2½ cikin 18 a wasan walƙiya yana da 58, amma wannan mutum ne da ya shekara 16 da barin gasa ya zo ya zauna da manyan duniya. Rashin bugawa da tsufa sun cakuɗe a nan, ba za a iya raba su ba. Fischer ma haka, ya tsaya yana da 29.

Gimbiya_e4:
Ba wanda ya ambaci Kramnik, alhali shi ya bi hanyar a juye. Da buɗin wasan da ake kira tsaron Berlin ya toshe Kasparov a Landan a 2000, ya karɓi kambu ba a ci shi wasa ko ɗaya ba. Da ya haura arba'in sai ya koma mai kasada, yana neman nasara a matsayin da a da zai karɓi kunnen doki ya tashi. Ku duba wasanninsa a gasar fid da gwani ta 2018 a Berlin, wanda ya ci Aronian abin kallo ne, amma ya zubar da maki da yawa saboda wuce gona da iri. A Janairun 2019 ya ƙare a ƙasan teburi a Wijk aan Zee ya sanar da ritaya yana da 43. Ni ina ganin wannan hujja ce ga Malam Dokin_Baƙi: da ya bar salon da ya gina shi a lokacin da lissafinsa ya fara rauni, faɗuwar ta zo da sauri.

Hajiya_Sarauniya:
Ko kuma ya riga ya gaji da wasan ne, kasadar alama ce kawai. Shi da kansa ya ce sha'awarsa ta ragu. Makinsa mafi girma, 2817, a 2016 ya zo, da sabon salon, yana da 41.

Ummu_Allo:
Kada maganar Chennai da na kawo ta sa a ɗauka Anand ya ƙare a nan. Bayan 'yan watanni ya lashe gasar fid da gwani ta 2014 ba a ci shi ba, yana da 44, lokacin da kowa ya cire rai da shi. A 2017 a Riyad ya zama zakaran duniya na wasan sauri yana da 48. Ivanchuk ma ya ɗauki wannan kambu a Doha a 2016 yana da 47. Ku haɗa da Tal a 1988. Abin da nake gani shi ne tsoho mai saurin gani yana iya yin fice a gajeren wasa, inda hannu da ido ke aiki, ba a kai ga awa ta huɗun da Baba ya faɗa ba.

Malam_Lissafi:
Karpov kuma akasin haka. Yana saurayi cikin masu saurin motsi yake, da shekaru suka ja sai ƙurewar lokaci ta zama ciwonsa, ya samu matsayi mai kyau agogo ya ƙwace masa.

Tsohon_Doki:
Wannan na san shi. Ba don ba ka ga motsin ba ne, ka gan shi tun minti na farko. Amincewa da kai ce ta ragu, saboda an sha kama ka da abin da ba ka hango ba. Sai ka duba, ka sake dubawa, ka sake, minti ashirin sun tafi a kan motsin da da kana saurayi za ka buga nan take.

Dokin_Baƙi:
Na karanta duka. Har yanzu ina kan cewa wanda ke buga wasa da fahimta yana da abin jingina idan lissafi ya fara gudu, wanda kuwa lissafi ne kaɗai jarinsa dole ya sake salo kamar Tal ko ya ninka aiki kamar Korchnoi. Abin da Baba ya kawo na ɗage wasa ya sa ina ganin wannan fifiko ya fi ƙarfi a da fiye da yanzu. Carlsen ne zai nuna mana, tunda salonsa na Smyslov da Karpov ne, an haife shi a 1990, yana shiga shekarun da Malam_Lissafi ya ambata.

SojanGaba:
In ya ci gaba da buga dogon wasa ke nan. Ya ajiye kambun da kansa a 2023, ya fi karkata ga wasan sauri da na walƙiya. Muna iya rasa amsar kamar yadda muka rasa ta Kasparov.

Ɗan_Hasumiya:
Na gode da bayani. Baba Tsohon_Doki, to kai wane gyara ka yi wa wasanka da shekaru suka zo? Ka koma musayar sarauniya da wuri ne?

Tsohon_Doki:
A'a ɗana, na gwada hakan na ga wasa yana ƙara tsawo ne kawai. Abin da na yi shi ne na taƙaita buɗin wasana zuwa 'yan tsare-tsaren da na san tsakiyarsu sosai, don kada in ƙona lokaci da ƙarfi a awa ta farko. Ina tashi in taka bayan na yi motsi, ina shan ruwa, kuma ranar da ake buga zagaye biyu nakan nemi hutun ɗaya in dokar gasar ta yarda. Lissafi kuma kullum sai na warware 'yan matsaloli a ka ba tare da taɓa 'ya'ya ba. In na yi mako ban yi ba, ina ganin bambancin a wasa na gaba.